Bayan Lambar Yabo

Ƙaramar lambar yabo ta sojan kiyaye zaman lafiya ba ta kai kwandala faɗi ba. Kwafi ce ta babbar lambar da Majalisar Ɗinkin Duniya ke ba wanda ya yi aƙalla kwana 90 a bakin aiki, an rage ta zuwa kusan rabi don a maƙala a rigar liyafar dare. Ita babbar ana bayarwa a fareti, ƙaramar kuwa galibi saye ake yi, shi ya sa take yawo a hannun masu tara kayan tarihi.

Tagullar iri ɗaya ce. Sojan Najeriya da ya je Kongo a 1960, da wanda ya je Labanan a 1978, da wanda ya yi aiki a Darfur ƙarƙashin Janar Martin Luther Agwai, ƙyallen da ke rataye da lambar ne kawai ya bambanta su. Ba a zana sunan kowa a jiki. A gaba akwai tambarin Majalisar, taswirar duniya tsakanin rassan zaitun biyu. Sai an juya ta ake ganin rubutun da ke cewa an ba da ita ne don hidimar zaman lafiya. Ikon Allah, dalilin lambar gaba ɗaya yana ɓangaren da ke manne da ƙirji, inda idon 'yan kallo ba ya kaiwa.

A Nuwamban 2024 Gwamna Uba Sani ya sake buɗe kasuwar shanu ta Birnin Gwari bayan shekaru tana rufe, kuma hotunan taron sun zaga ko'ina. Wannan gaban lambar ke nan. A bayanta akwai waɗanda suka riƙa kai saƙon sulhu ga 'yan bindiga cikin daji suna komowa, ba su da tabbacin kwana a gida. Akwai dattijon da ya zauna tabarma ɗaya da mutanen da yake zargi da jinin ɗansa, ya haɗiye abin da ke ransa saboda jikoki. Waɗannan ba a kira su fareti ba.

Manomin Kazage da ke yankin ma ba ya tambayar wa aka karrama. Abin da yake son ji shi ne ko bana zai iya nome gonarsa ta nesa da gari, ya kuma kai masararsa kasuwa ba tare da an tare motar a hanya ba.