Muryar Mutum Amana Ce: Hukuncin Ɗaukar Sauti Ba Da Izini Ba

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Godiya ta tabbata ga Allah wanda Ya ƙagi ji da gani, Ya kuma sanya su amana a wuyan bayinSa. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu, da alayensa, da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya ƴan'uwa Musulmi, tambayar da muke son mu duba a wannan fitowa ita ce: idan murya ta fita daga bakin mai ita, ta wa ce? Shin duk wanda kunnensa ya kai gare ta, ko na'urarsa ta kama ta, ya mallake ta ke nan? Za mu ɗauko misalinmu daga ƙasashen Turai da Amurka, inda matsalar ta daɗe, sannan mu dawo gida.

Asalin al'amarin

A waɗancan ƙasashe akwai mutanen da ke shiga taron mawaƙa da na'ura a ɓoye, su ɗauki sautin wasan, su rarraba ko su sayar. Tsakanin 1901 da 1903 wani ma'aikacin gidan waƙa na Metropolitan a birnin Niyok, mai suna Lionel Mapleson, ya riƙa ɗaukar muryoyin mawaƙa a kan faifan kaki. Kamfanin Philips ya fito da kaset a 1963, aikin ya ƙara sauƙi. A watan Nuwamba na 1969 aka ɗauki wasan ƙungiyar Rolling Stones a garin Oakland daga tsakiyar jama'a, aka buga shi a faifai ba da yardarsu ba, ya shiga kasuwa.

Irin wannan ɗauka tana da aibi sananne: ihun jama'a, da tafi, da amon ɗaki, duk suna shiga ciki, muryar mawaƙin kuwa tana zuwa daga nesa. Daga ƙarshen shekarun 1980 sai mawaƙa suka fara amfani da wata ƴar na'ura da ake cusawa cikin kunne. Wani ma'aikaci yana zaune a gefen dandali yana haɗa wa kowane mutum sautin da yake bukata domin ya ji kansa, ana aika masa ta iska kamar yadda gidan rediyo ke aiko da shirinsa. Da masu ɗaukar ɓoye suka gane haka, sai suka riƙa shigowa da ƙaramar na'urar kama tasha cikin aljihu, su lalubo zangon da ake aikawa a kai, su naɗe abin da ke shiga kunnen mawaƙin.

Sautin da ake samu ta nan tas yake, babu hayaniyar taro, kamar kana tsaye kusa da bakin mai waƙar. Amma yana da nasa lahani. An haɗa shi ne domin kunnen mutum ɗaya, saboda haka na makaɗi ganga ce ta cika shi, na mawaƙi muryarsa ce ta danne sauran. Akwai ƙyas-ƙyas ɗin da ke riƙe musu lokaci, akwai shuu na iska, wani sa'in tashar ta yanke. Sannan akwai abin da ya fi damunmu: muryar mai ba da umarni a bayan fage, da ƙirga, da gyaran kuskure, da maganar da ma'aikata ke yi a tsakaninsu, wadda ba a nufi kowa cikin taron ya ji ba.

Hukuncin kiɗa da waƙa babi ne dabam, malamai sun yi bayani a kansa, kuma ba shi muka buɗe a yau ba. Sai dai mu kiyaye ƙa'ida ɗaya: ganinmu cewa mutum yana cikin kuskure ba ya halatta mana cin haƙƙinsa. Allah Ya hane mu a Suratul Ma'ida, aya ta 8, kada ƙin wasu mutane ya kai mu ga barin adalci.

Mas'ala ta farko: haƙƙi da sharaɗi

Masu wannan aiki suna da hujjoji, kuma adalci ne mu saurare su. Suna cewa tarihi suke adanawa, domin wasan dare ɗaya ne, in ya wuce ya wuce. Suna cewa da yawansu ba sa karɓar ko dala, musaya kawai suke yi. Suna cewa mawaƙin bai rasa kome ba, muryarsa tana nan a maƙogwaronsa. Gaskiya ne cewa faifan Mapleson a yau taska ce ga masu bincike. To amma amfanin da ya biyo bayan aiki ba shi ke mai da aikin halal ba. Wanda ya shiga garkar wani ya tsinki ɗanyen kuɓewa ya ciyar da mayunwaci ya amfanar, kuma har yanzu mai garka yana binsa.

Abin da ke raba halal da haram a nan shi ne izini. Ƙungiyar Grateful Dead ta Amurka ta yarda a ɗauki wasanninta, har a 1984 ta keɓe wa masu ɗauka wuri a filin taro, bisa sharaɗin kada a sayar. Wanda ya ɗauka a can bai ci amanar kowa ba. Wanda kuwa ya sayi tikiti alhali an shaida masa an hana ɗauka, ya shiga da na'ura a ƙarƙashin riga, ya karya alkawarin da ya ƙulla a bakin ƙofa, alhali aya ta farko ta Suratul Ma'ida umarni ce da cika alkawura.

Malaman zamani sun yi magana a kan wannan. Majalisar Fiƙihun Musulunci ta Duniya, a zamanta na Kuwaiti cikin watan Disamba 1988, ta yanke cewa haƙƙin wallafa da na ƙirƙira haƙƙoƙi ne na masu su, shari'a tana kare su, ta'adi a kansu bai halatta ba. Ta fuskar doka kuma, yarjejeniyar Roma ta 1961 ta tanadi kare mawaƙa daga naɗe wasansu ba da yardarsu ba, kuma ƙasarmu Nijar tana cikin ƙasashen farko da suka shiga cikinta lokacin da ta fara aiki a 1964.

Mas'ala ta biyu: leƙen asiri

Ɗaukar sautin cikin kunne ta fi ta farko nauyi. Wanda ya ɗauka daga tsakiyar taro ya naɗe abin da aka fito da shi fili. Wanda ya kama tashar kunne ya shiga inda ba a gayyace shi ba. Zai ce iska ce ta kawo masa, bai fasa ƙofa ba, bai tsinke waya ba. Mu tambaye shi: idan maƙwabcinka ya bar tagarsa a buɗe saboda zafin bazara, ya halatta ka tsaya a gindinta ka kasa kunne? Iska ba ta laluben tasha da kanta. Kai ka sayi na'ura, kai ka murɗa har ka samu, niyyarka a fili take.

Suratul Hujurat, aya ta 12, ta hana bin diddigin asirin mutane. Imamul Bukhari ya ruwaito daga Ibnu Abbas narko mai tsanani a kan wanda ya saurari zancen mutane alhali ba sa so, cewa narkakkiyar dalma za a zuba masa a kunne ranar Alƙiyama. Mu lura, kyawun sautin da masu wannan sana'a ke alfahari da shi, shi ne kansa shaidar kutsen da suka yi, domin bai yi tas ba sai don an ɗauke shi daga wurin da bai kamata baƙo ya isa ba.

Akwai kuma wani darasi. Mai sauraro yana jin sauti garau sai ya ɗauka ya ji gaskiyar abin da ya faru. Alhali abin da ya ji yanki ne, wanda aka shirya domin aikin mutum ɗaya, kuma jama'ar da ke wurin ba haka suka ji ba. Sai a yanke wa mutum hukunci da tuntuɓen harshen da taro bai ji ba, ko da kalmar da ya faɗa wa abokin aikinsa cikin gajiya. Magabatanmu masu ilmin hadisi ba su wadatu da cewa mai ruwaya ya ji da kunnensa ba, sai sun bincika yadda ya ji, da amanarsa, da cikar abin da ya kawo. Imamu Muslim ya kawo a gabatarwar littafinsa cewa faɗin duk abin da mutum ya ji ya ishe shi zama maƙaryaci.

Mu dawo gida

Kada wani ya ce wannan matsalar Turawa ce. A da mai rikoda ɗaya ne a unguwa, kowa na ganinsa idan ya ajiye ta gaban malam. A yau daga Maraɗi zuwa Damagaram, daga Tawa zuwa Yamai, salula tana aljihun kusan kowa, kuma kowace salula rikoda ce.

Karatun da malami ya yi a bainar jama'a, kamar tafsirin watan azumi, yaɗa shi alheri ne, mafi yawan malamai ma suna so, matuƙar an kawo shi cikakke. Amma akwai maganar da malam ya yi bayan an tashi, bai san lasifika tana kunne ba. Akwai fatawar da ya ba mutum ɗaya bisa halin da yake ciki. Akwai zaman sulhu tsakanin miji da mata a zaure, da taron kwamitin masallaci, da hirar mata a gidan biki. Waɗannan duka sautin cikin kunne ne. Abu Dawuda da Tirmizi sun ruwaito daga Jabir cewa idan mutum ya yi magana sannan ya waiga, maganar ta zama amana. Sau nawa aka yanko minti ɗaya daga karatun awa biyu, aka watsa a WhatsApp, aka haɗa almajiran malamai biyu faɗa? Sau nawa aure ya mutu saboda muryar da aka naɗe a ɓoye? Magana zarar bunu ce, balle wadda ta shiga wayoyi dubu.

Wanda aka zalunta yana da uzuri, domin Suratun Nisa'i, aya ta 148, ta ba shi damar bayyana abin da aka yi masa. Idan ya riƙe hujja, ya kai ta gaban alƙali ko shugabannin da za su iya karɓo masa haƙƙinsa, ya tsaya iyakar bukata. Watsa ta ga duniya domin tozartawa wani abu ne dabam.

Mai sauraro ma yana da nasa kaso, domin abokin ɓarawo ɓarawo ne, kuma ba don masu karɓa ba da mai ɗauka ya gaji ya bari. Saboda haka muna yi wa kanmu da ku wasiyya da abu uku. Mu nemi izini kafin mu naɗe muryar kowa. Abin da aka ba mu izini, mu isar da shi cikakke, ba ragi ba ƙari. Abin da ya iso wayarmu muka gane na ɓoye ne, ya tsaya a wurinmu, mu goge shi, mu yi wa wanda ya turo nasiha cikin hikima. Suratul Isra'i, aya ta 36, ta sanar da mu cewa ji da gani da zuciya duka abin tambaya ne.

Allah Ya tsare kunnuwanmu daga abin da bai halatta mana ba, Ya rufa mana asiri duniya da Lahira, Ya sanya mu cikin masu rufa asirin ƴan'uwansu. Amin.

Wassalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.