HAƘƘIN WANDA YA KUƁUTA DAGA HANNUN MASU CINIKIN MUTANE

Bismillahir Rahmanir Rahim. Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah, Ubangijin talikai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya ku samarin Musulmi na Maƙera da Dutsin-Ma da Kurfi, wannan nasiha ce a kan haƙƙin ɗan'uwanku wanda aka kama, aka yi cinikinsa kamar dabba, sannan Allah Ya kuɓutar da shi. Mu dai abin da muka saba, ran da ya dawo sai a cika gidansa da barka da arziki, a yi kwana uku ana sintiri, daga nan kowa ya kama gabansa. To, ku sani ran da muka watse ɗin nan, ran nan ne nauyinsa ya fara hawa kanmu.

SAYAR DA ƊA HARAMUN NE

Ya tabbata cikin Sahihul Bukhari, a hadisin Abu Huraira, Allah Ya yarda da shi, cewa akwai mutum uku waɗanda Allah da kansa zai zama abokin husumarsu ranar Alƙiyama. Ɗaya daga cikinsu shi ne wanda ya sayar da ɗa, wato wanda ba bawa ba, ya ci kuɗinsa. Malaman ƙasar nan ba su ɓoye wannan hukunci ba. A 1615 Shehu Ahmad Baba na Tambutu ya yi fatawa, ya ambaci Katsina da Kano da Barno cikin ƙasashen Musulmi waɗanda bai halatta a bautar da mutanensu ba. Haka kuma da aka biyo da kamammun Gimbana ta kusa da Ɗagel, jama'ar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ba su zuba ido ba, kwance su suka yi, abin da ya biyo baya shi ne hijira zuwa Gudu a 1804.

Kada wani ya ce wannan ai labarin da ne. Ran 11 ga Disamba 1920 ba muke faɗi ba, 2020 muke faɗi: aka shiga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara da dare, aka kora yara fiye da 300 cikin daji. A Oktoba 2023 aka ɗauke ɗalibai mata 5 na Jami'ar Tarayya a nan Dutsin-Ma. Waɗannan su aka ji a rediyo. Na ƙauyuka da aka bi da su dajin Rugu daga gona ko daga hanyar kasuwa, ku kun fi rediyo sanin sunayensu.

Akwai kuma wanda ba bindiga ta kai shi ba, daɗin baki ne. Dillali ya ce akwai aiki a Libiya ko Aljeriya ko Makka, ya karɓe fasfo, ya ɗora wa mutum bashin da ba ya biyuwa. A Oktoba 2013 an tsinci gawa 92 cikin hamadar Nijar kusa da iyakar Aljeriya, yawancinsu mata da yara, ƙishirwa ta kashe su. A Nuwamba 2017 gidan talabijin na CNN ya nuna ana gwanjon baƙar fata a Libiya, mutum guda a kan wajen dala 400. To, in wannan ba bauta ba ce, mece ce?

ABIN DA YA TARAR A GIDA

Ku dubi halin wanda ya dawo. Kafin a sako shi an sayar da gona, an sayar da shanun huɗa, an kwashe rumbu, an ciyo bashi wajen dangi da 'yan kasuwa. Ya fito da ƙafa a kumbure, da shatar igiya a hannu, barci ya gagare shi, ƙarar babur kaɗai ta isa ta tayar da shi a firgice. Damina ta zo, ba iri, ba taki, ba inda zai shuka. Masu bin bashi kuwa sun yi masa kara ta wata guda, yanzu sun fara sallama. An kwance igiyar ɓarawo, ta bashi na nan a wuya.

Na mace ya fi wannan. Ta dawo, watakila da ciki, unguwa ta ɗauka da tsegumi, mai neman aurenta ya janye, wani lokaci miji ya miƙo takarda. Subhanallahi! Wanda aka tilasta ba shi da laifi a wurin Allah, wannan hukunci ne bayyananne, ku duba aya ta 33 cikin Suratun Nur. Kai wane ne da za ka hukunta wadda Allah bai kama da laifi ba? Mai yi mata gori ya ƙarasa wa ɓarawo aikinsa ne.

HUJJA A KAN TAIMAKONSU

Cikin Suratul Balad Allah Maɗaukakin Sarki Ya ba da labarin wata hanya mai wuyar hawa wadda mutum ke gudu, da Ya zo fassara ta kuwa, 'yanta wuya Ya fara ambata, sannan ciyarwa a ranar yunwa. Cikin Suratut Tauba, aya ta 60, Ya ƙidaya mutum takwas da ake ba zakka. Ku lura da kyau: har da matalauta, har da waɗanda bashi ya danne, har da fansar wuyaye. Wanda ya fito daga daji ba gona ba jari, bashi kuma na kansa, ya shiga ta ƙofar talauci, ya kuma shiga ta ƙofar bashi. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya haɗa umurni uku wuri guda a hadisin Abu Musa: ciyar da mayunwaci, da gai da mara lafiya, da kwance kamamme. Ɗan'uwan nan naku duk ukun sun taru a kansa.

Ku tuna Sayyidina Abubakar. Da ya fanshi Bilal daga hannun Umayya ɗan Halaf, Musulmi ba su bar shi a gefe suna nuna shi da yatsa ba. Shi ya zama ladanin Annabi. Sunna ke nan: a fanshi mutum, a kuma mayar masa da darajarsa.

ABIN DA ZA KU YI

Wani zai ce, ni saurayi ne, me gare ni? Kana da kuɗin katin waya. Kana da kuɗin anko da na kiɗan biki, ana liƙi kana gaba. Ba rashi ba ne, zuciya ce ba ta ba da ba.

1. Ku kafa asusu a masallacin unguwarku. Samari 50, kowa naira 500 duk Juma'a, ya zama naira 100,000 cikin mako huɗu. Ku ɗora amintattu uku a kai, a rubuta abin da ya shiga da abin da ya fita, a karanta wa jama'a. Dukiyar Allah ba a riƙe ta da ka.

2. Ku fara da asibiti da abinci, sannan biyan bashi, sannan jari: iri da taki, ko akuya, ko keken ɗinki. Abin da zai tsayar da mutum da ƙafarsa ya fi abin da zai ci yau gobe ya sake miƙa hannu.

3. Ku tunatar da iyayenku zakkar hatsi in ya kai nisabi. Na damina buhu ɗaya cikin 10, wanda aka yi wa ban-ruwa da inji, irin noman rani na bakin dam ɗin Zobe, ɗaya cikin 20. A kai wa waɗannan, kada a tara wa mai kuɗi don neman fada.

4. Wanda ba shi da ko sisi yana da ƙarfi. Ku yi masa gayya, ku gyara masa katanga, ku raka shi masallaci da kasuwa har tsoro ya sake shi.

5. Ku bayar a asirce. Kada ku tsayar da baiwar Allah da buhun masara ku ɗauki hotonta ku watsa a waya. Gori da riya suna ɓata sadaka.

6. In kun ji dillali na tara yara ko mata da sunan aiki a waje, ku gaya wa mai unguwa da hukumar NAPTIP, wadda gwamnatin tarayya ta kafa a 2003 don yaƙi da fataucin mutane. Wanda kuma ke kai wa ɓarayin daji rahoton maƙwabcinsa, ya sani yana da kaso cikin kuɗin ɗa, abokin husumarsa kuwa mun riga mun faɗe shi.

Kai kuma mai neman aure, in yarinyar da aka sako mai addini ce, kada maganar mutane ta hana ka. Suturta Musulma ibada ce.

Ya Allah Ka kuɓutar da waɗanda ke hannu, Ka mayar wa waɗanda suka fito da mafificin abin da suka rasa, Ka shiryi azzalumai, in ba masu shiryuwa ba ne Ka isar mana. Allah Ya ba mu ikon aiki da abin da muka ji.

Wassalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.