HANKALIN MUTUM NASA NE SHI KAƊAI? TSOKACI A KAN MUHAWARAR HALASTA TABAR WIWI

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda ya girmama ɗan Adam da hankali, ya kuma sanya shi sharaɗin ɗora masa umurni da hani. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Annabinmu Muhammadu (SAW), da alayensa da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu har ranar sakamako.

Bayan haka, ya ku ƴan uwa Musulmi, wata magana ta shigo garuruwanmu wadda ba mu saba jin ta ba. A da, yaron da ke shan tabar wiwi a Gidan Amumune ko Mayahi ko Tasawa yakan tafi bayan gari ya ɓuya, in an gan shi kuwa ya sunkuyar da kai. Yanzu idan dattijo ya yi masa faɗa, sai ya ɗaga wayarsa ya ce: "Baba, ai Turawa sun halasta ta, likitocinsu ma sun ce magani ce." Wasu daga cin rani suka kwaso wannan magana, wasu kuma a fada wurin shan shayi. Dattijon sai ya yi shiru ko ya kama zagi, domin bai san ko gaskiya yaron ya faɗa ko ƙarya ba. To shiru ba ya shiryar da yaro, zagi ma haka. Saboda haka muka ga ya dace mu bincika maganar da adalci, mu karɓi gaskiyar da ke cikinta, mu bayyana ɓatan da ke cikinta.

Abin da ya faru a duniya

Yaron bai yi ƙarya duka ba. Ƙasar Urugwai ta halasta wiwi a 2013, Kanada a 2018, Jamus kuma ta sassauta dokarta a 2024. A Afirka ta Kudu, kotun tsarin mulki ta yanke hukunci a 2018 cewa ba za a hukunta baligi don ya sha a keɓe ba. A watan Disamba na 2020, hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da miyagun ƙwayoyi ta cire wiwi daga jerin mafiya haɗari, da ƙuri'a 27 a kan 25, amma ta bar ta a cikin abubuwan da ake sa wa ido sosai. Maroko, ƙasar Musulmi kuma ta Malikiyya kamar mu, ta yi doka a 2021 wadda ta yarda a noma ta don haɗa magani da sarrafawa a masana'antu, a larduna uku na arewacin ƙasar kawai, tare da lasisi, alhali shan ta don maye yana nan a matsayin laifi.

Maƙwabtanmu ma muhawarar ta iso musu. A 2019 gwamnan jihar Ondo na lokacin, Rotimi Akeredolu, ya yi kira da a yarda a noma wiwi don magani da samun kuɗin shiga, hukumar NDLEA kuwa, daga baya a ƙarƙashin Janar Buba Marwa, ta ƙi amincewa da halastawar. Binciken da aka yi a Najeriya a 2018 tare da Majalisar Ɗinkin Duniya ya ƙiyasta masu shan wiwi a can da mutum miliyan 10.6. Mu a Nijar, dokar yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta 1999 ta hana noma ta da sayarwa da sha. Amma ƙasarmu hanya ce ta masu fataucinta: a watan Maris na 2021 hukumar OCRTIS ta kama tan 17 na ƙaron wiwi a Yamai, wanda ya taso daga Labanan ta tashar ruwan Lome, za a wuce da shi Libiya. Idan gemun ɗan uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Akwai kuma labarin da wayar yaron ba ta ba shi ba. Ƙasar Tailan ta buɗe ƙofa a 2022, shaguna suka cika birane, sai ga shi a 2025 gwamnati ta dawo ta ce ba mai saye sai da takardar likita.

Abin da likitoci suka tabbatar

Masu cewa magani ce sun haɗa abubuwa biyu da ya kamata a rarrabe. A cikin ganyen akwai sinadarai masu yawa. Ɗaya, wanda ake kira THC, shi ne mai sa maye. Wani kuma, CBD, ba ya sa maye, kuma daga gare shi aka tace maganin da Amurka ta amince da shi a 2018 don wasu nau'o'in farfaɗiya masu tsanani na yara. An kuma sami shaida cewa wasu magungunan da aka haɗa daga wiwi suna rage amai ga masu jinyar ciwon daji. Wannan duka da awo ne, a hannun likita, ga majinyacin da aka san cutarsa. Ina haɗinsa da ƙullin da ake naɗewa a takarda a bayan kasuwa? Wuƙar da likita ke fiɗa da ita wuƙa ce, ta hannun ɗan ta'adda ma wuƙa ce, amma ba wanda ya taɓa cewa hukuncinsu ɗaya.

Game da cutarwa kuwa, masana sun nuna cewa ƙwaƙwalwar mutum ba ta gama ginuwa sai wajen shekara 25. Kusan mutum 1 cikin 10 na masu shan wiwi yakan kamu har ya kasa bari, ga wanda ya fara tun yana ɗan samari kuwa abin yakan kai 1 cikin 6. A ƙasar Suwidin an bi diddigin samari fiye da 45,000 da aka ɗauka aikin soja, aka buga sakamakon a 1987: waɗanda suka sha fiye da sau 50 sun ninka sauran kusan sau 6 wajen kamuwa da taɓin hankali mai tsanani. Wani binciken na 2019, a wurare 11 na Turai da Burazil, ya nuna mai sha kullum ya ninka wanda ba ya sha kusan sau 3 wajen wannan haɗari, idan kuwa mai ƙarfi yake sha, kusan sau 5. Ƙarfin nata ma ƙaruwa yake yi: a wadda ake kamawa a Amurka, sinadarin mayen ya tashi daga kusan kashi 4 cikin 100 a 1995 zuwa kusan kashi 12 a 2014. Bugu da ƙari, hayaƙinta na jawo tari mai naci, tana rage saurin lura ga mai tuƙi, kuma mai ciki da ke shan ta takan haifi ɗa marar nauyi.

Gaskiya ce, ba duk mai sha ke haukacewa ba, kuma kada mu yi wa yaranmu ƙarya a kan haka, domin sun san masu sha da ke yawo lafiya. Amma ba wanda ya san ko shi ne za ta kama sai bayan ta kama shi. Idan ta kama ɗan Kanada, asibiti na kusa da shi. Idan ta kama ɗan Gidan Amumune fa? Sai a sayar da tumaki da damman hatsi, a kama hanyar Maraɗi ko Yamai, ko a tsallaka iyaka zuwa Kware ta Sakkwato ko Dawanau ta Kano. Wanda ba shi da abin sayarwa kuwa, ɗaki ake rufe shi.

Hankalin na wa ne?

Hujjar da ta fi ƙarfi a wurin masu neman halastawa ita ce: "Jikina ne, hankalina ne, kuɗina ne, ban taɓa kowa ba." A nan ne asalin saɓanin yake. Su suna ɗaukar hankali a matsayin dukiyar mutum, ya ga dama ya adana, ya ga dama ya ƙona. Mu kuwa a wurinmu amana ne. Ba mu saye shi ba, ba mu ƙera shi ba, kuma za a tambaye mu yadda muka yi da shi. Imam Gazali ya lissafa abubuwa biyar da shari'a ta zo ta kiyaye: addini, rai, hankali, zuriya da dukiya. Ku lura, huɗun nan duka a kan hankali suke tsaye. Wanda hankalinsa ya gushe, sallarsa ba ta inganta, cinikinsa ba ya ƙulluwa, ba a karɓar shaidarsa.

Sa'an nan kalmar "ban taɓa kowa ba" ba ta tsayawa idan aka auna ta da zamanmu. Ɗan kabu-kabun da ya sha kafin ya ɗauki mace da goyo, hankalinsa nasa ne shi kaɗai? Saurayin da tsohonsa ke jira ya kama masa noman gero a damina ta wata uku, wadda in ta wuce sai baɗi, ƙarfinsa nasa ne shi kaɗai? Wanda ya tafi cin rani, matarsa na jiran aike, kuɗinsa nasa ne shi kaɗai? Manzon Allah (SAW), a hadisin Nu'umanu ɗan Bashiru da Buhari ya ruwaito, ya buga misali da mutanen da suka shiga jirgin ruwa, na ƙasa suka so su huda rabonsu don su ɗebi ruwa ba tare da sun dami na sama ba. Niyyarsu ma kyakkyawa ce, wurin kuma nasu ne, amma in an ƙyale su kowa zai nitse. Ƙauye jirgi ɗaya ne.

Malamanmu sun daɗe da sanin wannan ganye. Ibn Taimiyya, wanda ya rasu a 728 bayan Hijira, ya ambata cewa hashisha ta bayyana a cikin Musulmi wajen ƙarshen ƙarni na 6 da farkon na 7, ya kuma ɗauke ta abin maye mai hukuncin giya. Imam Ƙarafi, babban malamin Malikiyya da ya rasu a 684, ya sanya ta a cikin masu ɓata hankali, ya ce horo ne a kan mai shan ta gwargwadon ganin alƙali, ba haddi ba. Sun saɓa a kan nau'in hukunci, amma ba su saɓa ba a kan haramcin gusar da hankali da ita. Cewa tana da amfani kuwa, Alƙur'ani ya riga ya amsa irin wannan a Suratul Baƙara, aya ta 219, inda ya tabbatar wa giya da caca wani amfani, sa'an nan ya rinjayar da zunubinsu. Cewa kuma tsiro ce da Allah ya halitta, to ai zaƙami ma tsiro ne. Majalisa na iya ɗauke hukuncin kotu, amma ba ta da ikon mayar da haram halal, ba ta kuma iya cire cutar daga cikin ganyen.

Inda suke da gaskiya a kanmu

Sai dai adalci ya wajabta mu faɗi inda masu neman halastawa suka fi mu lura. Suna cewa kurkuku ba ya warkar da mashayi, kuma ƙaramin mai sha ake kamawa, babban dillali yana kwance a gidansa. Wa zai musanta? Yaro ya shiga gidan kaso saboda ƙulli ɗaya, ya fito ya san tramol da sata. Suna cewa hani kaɗai ba ya isa, suna kafa hujja da Amurka, wadda ta hana giya daga 1920 zuwa 1933 ta kasa. Wannan ma haka ne, kuma Uwar Muminai A'isha (RA) ta riga su faɗa, inda ta bayyana cewa da hanin giya ne ya fara sauka da mutane sun ƙi bari, sai da aka fara gina imani a zukata.

Mu ma muna da namu laifin. A 2019 hukumomin Najeriya sun buɗe wasu gidajen mari a Kaduna da Daura, aka fito da ɗaruruwan mutane, wasu da sarƙa a ƙafa da tabon duka, kuma da yawansu iyaye ne suka kai su da hannunsu don a raba su da shaye-shaye. Da sunan gyara aka yi wannan, amma addini bai yi umurni da shi ba. Buhari ya ruwaito labarin mutumin da aka yi ta kawo shi gaban Annabi (SAW) saboda giya, wani ya la'ance shi, sai Annabi ya hana, ya kuma shaida cewa mutumin yana son Allah da Manzonsa. A wata ruwayar ya hana sahabbai su zama mataimakan Shaiɗan a kan ɗan uwansu.

Idan mun ce hankalin yaron nan ba nasa ne shi kaɗai ba, to mun ɗaure kanmu, domin ma'anarsa tsaronsa ma ba a wuyansa yake shi kaɗai ba. Ba daidai ba ne mu ce muna da haƙƙi a cikin hankalinsa ranar hani, sa'an nan mu ce ba ruwanmu ranar jinya. Mu tambayi kanmu: daga girbi zuwa faɗuwar ruwa, wata bakwai ko takwas, me muka tanadar wa samarinmu? Wane ne a cikinmu ya taɓa zama a fadarsu ya sha shayinsu ya ji damuwarsu? Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Abin da muke kira gare shi

Muna kira ga hukumomi su bar ƙofar nan a rufe, su tsananta wa mai fatauci, su kuma buɗe wa mai sha hanyar jinya kusa da gida. Muna kira ga limamai su yi huɗuba da ilimi, su koyi abin da likitoci suka sani, kada yaro ya fi su labari. Muna kira ga iyaye, idan suka ga ɗansu ya daina barci, yana magana shi kaɗai ko yana zargin kowa, su gaggauta kai shi asibiti tare da addu'a, kada kunya ta sa su ɓoye shi. Kowane masallaci ya sami dattawa biyu ko uku masu riƙe sirri, waɗanda uwa za ta iya kai wa kukanta. Wanda ya tuba kuwa a matsa masa a sahu, a ba shi aiki, kada a riƙa kiransa da tsohon sunansa. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar.

Kai kuma ɗanmu da ka ɗaga waya, mun ji hujjarka, ga tamu. Ka auna su da hankalin nan da muke roƙonka ka kiyaye.

Allah ya tsare mana hankulanmu da na zuriyarmu, ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya karɓi tuban masu tuba, ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.