Mizanin Allah A Tudu Da Teku: Darasi Daga Zaki Da Barewa

Yabo da godiya su tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, Mai ciyar da zaki a cikin dawa, Mai ciyar da kifi a cikin duhun teku. Tsira da aminci su tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu (S.A.W.), da alayensa da sahabbansa, da duk wanda ya bi sawunsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya ku ƴan'uwa Musulmi, akwai wata magana da muke yawan ji a kasuwa da tasha. Idan aka danne wa wani haƙƙi, ko aka ɓoye hatsi har ya yi tsada, sai a ce: "Ai duniya dawa ce, mai ƙarfi shi ke cin marar ƙarfi." Muna so mu auna wannan magana da abin da Allah ya saukar, da kuma abin da masu binciken halittu suka gani da idanunsu. Domin mu dai a ganinmu ƙazafi ne ake yi wa namun dawa, kuma wannan ƙazafi ya jawo mana hasara biyu: mun ɓata zamanmu da juna, mun kuma ɓata dawar da muke kafa hujja da ita.

Abincin kowa yana wurin Allah

A cikin Suratu Hud, aya ta 6, Allah (S.W.T.) ya ɗauki nauyin arzikin duk wani mai rai da ke motsi a bayan ƙasa. A Suratul An'am, aya ta 38, ya sanar da mu cewa dabbobi da tsuntsaye al'ummomi ne kamar yadda muke al'umma. Kuma da Fir'auna ya tambayi Annabi Musa (A.S.) wane ne Ubangijinsa, amsar da ke cikin Suratu Ɗaha, aya ta 50, ta ƙunshi abu biyu: Allah ya ba kowane abu siffar da ta dace da shi, sa'an nan ya shiryar da shi ga hanyar rayuwarsa.

Mu dubi wannan shiriya a tudu. An ba zaki ƙarfi da farce da haƙori, amma ba a ba shi dogon numfashi ba. Dole ya yi sanɗa har ya kusato, domin idan gudu ya yi tsawo barewa ta tsere masa, kuma mafi yawan fitarsa farauta hannu rabbana yake komowa. Akwai wata irin damisa siririya wadda ta fi kowace dabbar tudu gudu, tana kai kilomita 100 a awa, amma ba ta iya riƙe wannan gudu sai na ɗan taƙi. Ita kuwa barewa an sa mata idanu a gefen kai don ta hango gaba da gefe, an ba ta kunne mai ji da ƙafa mai saurin kaucewa. Ɗanta kuma, tun yana jariri, ya san ya lafe cikin ciyawa ba motsi har uwarsa ta komo. Wane malami ya karantar da shi?

Sa'an nan mu dubi adadi. A dajin Serengeti na ƙasar Tanzaniya, shanun dawa da ake kira nu sun haura miliyan 1, alhali zakunan wurin ba su wuce kimanin 3,000 ba. Wanda ake ci shi aka yawaita wa zuriya, mai ci kuwa aka ƙaranta shi. Kuma mai farauta ya fi samun tsohuwa da marar lafiya da raunanniya, ta haka garke yake tsarkaka, ciyawa kuma take samun sarari.

Haka al'amarin yake a teku

Da yawa daga cikinmu ba mu taɓa ganin teku ba, amma labarinsa ya zo mana tun zamanin sahabbai. Buhari da Muslim sun ruwaito cewa wata runduna ta mutum 300, ƙarƙashin Abu Ubaida ɗan Jarrah (R.A.), ta sha yunwa a gaɓar teku har suka ci ganyen itace, sai teku ya jefo musu wata babbar dabba da ake kira ambar, suka yi kwanaki suna ci daga gare ta. Mafi girman dangin wannan dabba tana kai mita 30 a tsawo, nauyinta ya haura tan 100, kuma ba a san wata dabba da ta fi ta girma ba. To mene ne abincinta? Wasu ƴan mitsi-mitsin jatan lande ne da ba su fi tsawon ɗan yatsa ba. Mafi girman halittun teku an rataya rayuwarta ga ɗaya daga cikin mafi ƙanƙanta.

Ƙananan kifaye suna tafiya dubbai a dunƙule, suna juyawa tare kamar jiki ɗaya, har mai farauta ya rasa wanda zai kama. Kunkurun teku tana fitowa gaɓa ta binne ƙwai wajen 100 a cikin rairayi. Idan suka ƙyanƙyashe, tsuntsaye da ƙaguwa da kifaye suna jiran su, har masana suka ƙiyasta cewa kimanin 1 cikin 1,000 ne ke kai girma. Amma da wannan ɗayan zuriyarta ta wanzu tun zamani mai nisa, sauran kuwa sun zama arzikin wasu bayin Allah. Wannan shi ne mizanin da aka ambata a farkon Suratur Rahman, aya ta 7 zuwa ta 9, inda aka haɗa kafa shi da gargaɗin kada mu ƙetare shi.

Idan aka taɓa mizani

Suratur Rum, aya ta 41, ta gaya mana cewa ɓarnar da ke bayyana a tudu da teku aikin hannun mutane ce, kuma ana ɗanɗana musu wani sashe na sakamakonta ne ko sa komo kan hanya. Ga misalai.

A tekun arewacin Amurka, wajen Alaska, akwai wani karen ruwa mai laushin gashi. Tun daga 1741 ƴan kasuwa suka dinga kashe shi saboda fatarsa, har ya zama saura bai fi 2,000 ba a duniya lokacin da aka yi yarjejeniyar hana farautarsa a 1911. Abincinsa wata halitta ce mai ƙaya kamar bushiya. Inda ya ɓace, bushiyar teku ta yawaita, ta cinye doguwar ciyawar ruwa wadda kifaye ke fakewa a cikinta, wurin ya koma fili fetal. Inda ya komo, ciyawar ta komo.

A gabashin ƙasar Kanada, kifin da ake kira kod ya ciyar da mutane ɗaruruwan shekaru. Da manyan jiragen kamun kifi suka zo suna share ruwa babba da ƙarami, kifin ya ƙare. A 1992 gwamnati ta hana kamunsa, mutum kimanin 30,000 suka rasa sana'a, kuma ba a ɗage hanin ba sai a 2024, bayan shekara 32.

A ƙasar Sin kuwa, a 1958, aka ba da umarnin kashe tsuntsayen gwara saboda suna cin hatsi. An kashe miliyoyi. Aka manta cewa da ƙwari suke ciyar da ƴaƴansu. Fara da sauran ƙwari suka yi yawa, wannan ya zama ɗaya daga cikin abubuwan da suka tsananta yunwar 1959 zuwa 1961.

Mu komo gida

Kada mu ce wannan labarin nesa ne. Mu tambayi dattawanmu na Dakoro da Tanut da Abalak abin da suke gani a dawa a ƙuruciyarsu. Mariri, mai dogayen ƙahoni kamar takobi, ya ƙare a dawa baki ɗaya, har aka tabbatar da haka a shekara ta 2000. Sai daga waɗanda aka kiwata a wasu ƙasashe aka sake sakin irinsa a Cadi a 2016. Farar dabbar hamada mai murɗaɗɗen ƙaho da ake kira adaks, wadda yankin Tarmit da Tin Tumma ya zama mafakarta, masu ƙidaya sun zagaya a 2016 ba su ga fiye da 3 ba. Zakin Afirka ta Yamma kuwa, binciken da aka bayyana a 2014 ya nuna saura kimanin 400 ne, mafi yawansu a dajin W da maƙwabtansa, tsakanin Nijar da Benin da Burkina Faso. Ba zaki ne ya ƙarar da mariri ba, domin zamani bayan zamani namun dawa suna cin juna ba wanda ya ƙarar da wani. Fari ya taimaka, amma bindiga da mota da kwaɗayi su ne suka yi babban aikin.

Duk da haka ba a yanke ƙauna daga rahamar Allah. Raƙuman dawa na Kure, kimanin kilomita 60 daga Yamai, sun ragu har suka koma 49 a 1996. Da hukuma da mutanen ƙauyukan yankin suka tsaya a kansu, sun haura 600, har a 2018 aka ɗauki 8 aka kai su gandun Gadabeji a jahar Maraɗi. Idan ɗan Adam ya janye hannunsa daga ɓarna, halitta tana farfaɗowa da izinin Mahaliccinta.

Abin da Shari'a ta ce

Musulunci bai haramta farauta ba. Suratul Ma'ida, aya ta 4, ta halatta abin da horarriyar dabba ta kamo, aya ta 96 kuma ta halatta kamun teku. Amma an sa iyaka. Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda muke karantawa a zaurukanmu, ta rarrabe tsakanin farauta don wasa, wadda makaruhi ce, da farauta don bukata, wadda ta halatta. Muslim ya ruwaito hani a kan mayar da mai rai abin gwajin harbi. Nasa'i ya ruwaito cewa wanda ya kashe ko ɗan tsuntsu ba bisa haƙƙi ba za a tambaye shi. Abu Dawuda ya ruwaito cewa sahabbai sun ɗauke wa wata tsuntsuwa ƴaƴanta biyu a wata tafiya, da Annabi (S.A.W.) ya gan ta tana kaɗa fikafikai sai ya yi umarni a mayar mata da su. Buhari da Muslim kuma sun kawo labarin wani annabi da tururuwa ɗaya ta cije shi, ya sa aka ƙone gidansu duka, Allah ya yi masa faɗa saboda ya halaka al'umma mai tasbihi. Annabi (S.A.W.) da kansa ya keɓe filin Naƙi'u, Sayyidina Umar (R.A.) ya keɓe Rabaza, wanda ke nuna shugaba yana da ikon killace wuri don maslahar jama'a. Saboda haka dokar gandun daji abar girmamawa ce.

Bisa wannan muke kira. Makiyayin da kura ko dila suka yi wa ɓarna yana da haƙƙin kare bisashensa, amma ya guji sa guba a mushe, domin guba ba ta zaɓe: ungulu za ta ci ta mutu, alhali ita ke share mana mushe kafin cuta ta yaɗu. Masuncin Madarunfa ko Tabalak ko kogin Kwara ya bar kamu da gidan sauro da zuba magani a ruwa, ya bar ƙaramin kifi ya girma. Matasa su bar cinna wa dawa wuta saboda gafiya ɗaya. Iyaye su hana yara ɓare sheƙar tsuntsu da harbin banza. Mu kuma bar camfin da ke sa mu kashe mujiya, domin hadisi ingantacce ya kore shu'umci gare ta, kuma ita ce ke rage mana ɓerayen da ke cin rumbu.

Daga ƙarshe, mu komo ga mai cewa duniya dawa ce. Zaki idan ya ƙoshi kwanciya yake, barewa ta yi kiwo yana kallo. Bai da rumbun ɓoye cimaka, ba ya tauye mudu, kuma ba a ɗora masa Shari'a ba. Kai kuwa an ba ka hankali, an aiko maka Manzo. Muslim ya ruwaito cewa ranar ƙiyama har tunkiya marar ƙaho za a rama mata a kan mai ƙaho. To ina ga wanda ya ci gadon maraya, ko ya hana ɗan ƙodago ladansa? Sayyidina Abubakar (R.A.), ranar da aka yi masa mubaya'a, ya shaida wa jama'a cewa mai rauni shi ne mai ƙarfi a wurinsa har sai ya karɓo masa haƙƙinsa. Wannan ita ce dokar zaman Musulmi. Abin da ya kamata mu koya daga dawa shi ne fita nema tare da dogaro ga Allah, kamar tsuntsun da hadisin Tirmizi ya buga misali da shi, mai fita da safe da yunwa ya komo da marece a ƙoshe, sa'an nan da tsayawa a iyakar bukata.

Ya Allah, ka sa mu cikin masu gyara, ka tsare mu daga zama masu ɓarna. Ka ba mu damina mai albarka, ka shayar da bayinka da dabbobinka, ka rayar da ƙasarka. Ka zaunar da ƙasarmu lafiya, ka shiryi magabatanmu, ka gafarta wa iyayenmu da malamanmu. Amin.

Wassalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.