DARASI NA 9: MAI MOTA DA GONAR UBANGIJI

Wurin Karatu: Farawa 2:4-15, Luka 16:1-13
Aya ta Haddacewa: Zabura 24:1

A karatunmu na yau mun ga Allah ya sa Adamu cikin gona domin ya yi aikinta, ya kuma tsare ta. Bai sayar masa da ita ba. Amana ce ya danƙa masa, mu ma a kan wannan amana mu ke. Bari mu bincika ko muna riƙonta sa'ad da mu ke tuƙa mota.

Kowace lita ɗaya ta fetur da inji ya ƙone tana fid da wajen kilo 2.3 na iskar da a ke kira kabon dayoksaid. Nauyin nan ya fi na man kansa, gama kabon da ke cikin mai yana haɗuwa da iskar da injin ya shaƙa. Ba ta da launi, ba ta da wari, ba a ganinta a bakin salansa. Amma tana taruwa a sararin sama, tana tsare zafin rana kamar yadda bargo ya ke tsare zafin jiki. Kafin zamanin masana'antu akwai wajen kashi 280 nata cikin kowane miliyan na iska. A 2024 ta wuce 420.

Iska mai zafi ta fi ɗaukar laima, don haka ruwa ya kan sauko da ƙarfi. Ku tuna da ambaliyar 2022, sa'ad da ruwa ya ci Lokoja da garuruwan bakin Binuwai, mutum fiye da 600 suka rasu a Nijeriya. Masana sun ce ɗumamar duniya ta ƙara wa ruwan wannan damina ƙarfi. Waɗanda suka rasa gidaje da gonaki maƙwabtanmu ne, an kuwa umurce mu mu ƙaunace su.

Watakila wani zai ce, “Manyan ƙasashe su ne da laifi.” Da gaskiyarsa, gama dukan Afirka ba ta fid da ko kashi 5 cikin 100 na wannan iska. Amma a Luka 16 Ubangiji ya koya mana a kan ƙaramin abu a ke gwada amincin wakili. Kowa zai ba da lissafin abin da aka sa a hannunsa.

Ga misali. Motar da ke shan lita 10 a kilomita 100, in tana tafiyar kilomita 20 kowace rana, za ta fid da wajen kilo 1,680 a shekara. Me mai ita zai yi?

1. Tafiyar da ƙafa ko keke za su iya, ya bar mota ta huta.
2. Ya haɗa saƙonninsa na gari cikin fita ɗaya.
3. Ran Lahadi, 'yan'uwa na unguwa ɗaya su shiga mota ɗaya zuwa sujada.
4. Ya kashe inji in jira zai yi tsawo.
5. Ya duba iskar taya, ya kai mota wurin bakanike a kan kari, gama taya mai laushi tana ƙara shan mai.
6. Ya bar taka totur da birki da garaje.

Tun da aka janye tallafin fetur a 2023, kowa ya san nauyin lita ɗaya a aljihu. Abin da ya ragu, sai a tuna da gwauraye da marayu.

TAMBAYOYI
1. Wane aiki biyu Allah ya ba Adamu cikin gona?
2. Wace tafiya ka yi da mota makon jiya wadda ƙafa za ta iya?
3. Wanene a ekklesiyarku za ka iya ɗauka ran Lahadi mai zuwa?

ADDU'A
Ya Uba, ƙasa taka ce. Ka gafarta mana sakacinmu, ka koya mana riƙon amana, cikin sunan Yesu. Amin.