Haƙƙin mai riƙon sanda

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya ku ƴan uwa Musulmi, kowace Juma'a mukan tarar da yaro makaho ko gurgu a ƙofar masallaci, mu ba shi sadaka mu wuce. Kaɗan ne cikinmu ke duban yarinyar da ke riƙe da sandarsa ko take tura kekensa. Sau da yawa yayarsa ce ko ƙanwarsa, wadda aka fitar daga madarasa domin ta zama idonsa da ƙafarsa. Tsaranta sun yi saukar Alƙur'ani, ita ko izu biyu ba ta kai ba. In ta ce ta gaji, sai a ce ba ta da tausayi.

Ku tuna da Nu'umanu ɗan Bashir, Allah ya yarda da su. Mahaifinsa ya yi masa kyauta shi kaɗai, ya nemi Annabi (SAW) ya zama shaida. Da Annabi ya ji sauran ƴaƴan ba su samu irinta ba, sai ya ƙi, ya yi umurni da adalci tsakanin ƴaƴa. Gaskiya ne malamai irin su Ibnu Ƙudama sun halatta a fifita ɗa wajen kyauta saboda makanta ko doguwar cuta. Amma wannan daga dukiyar uba ne. Ƙuruciyar ɗiyarka da karatunta ba dukiyarka ba ne, balle ka ɗauka ka ba wani.

Akwai kuma zaluncin da mu maƙwabta muke yi. Gidan da ke da mai farfaɗiya, sai a hana yara cin tuwo da ƴan uwansa, masu neman aure su janye daga ƴan matan gidan. Alhali likitoci sun tabbatar farfaɗiya ba a ɗaukar ta ta yawu ko ta taɓa jiki. Da wace hujja za mu tsaya gaban Allah?

Ya kai uba, ciyar da musakin ɗanka da kula da shi a wuyanka suke, ba a wuyan yarinya ƴar shekara 9 ba. Ka raba hidimar tsakanin mazan gidan da matansa, manya su ɗauki mai nauyi. Ka kira lafiyayyun ƴaƴanka ka tambaye su damuwarsu, ka yi musu bayanin larurar ɗan uwansu da bakinka, kada su ji ta a bakin masu gori.

Ku kuma dattawan unguwa, ku ƙidaya gidajen nan, kun san su. Cikin zakka da sadakar da ake tarawa a fitar musu da rabo, bisa sharaɗin mai riƙon sanda ta koma makaranta.