Shawara Ɗaukar Ɗaki

Ƴan'uwa manoma da makiyaya, ga tambayar da wani dattijo ya yi mini a ajin yaƙi da jahilci. Ya ce: "Malam, gari yana da maigari, yana da liman. Mene ne kuma amfanin majalisa?" Tambaya ce mai nauyi. Ku zo mu duba ta tare.

Mu fara da Maijirgi, cikin ƙasar Tasawa. A nan kaburburan Turawan Faransa biyu suke, Vule da Shanuwan, waɗanda suka ratso ƙasar Hausa a 1899 suna ƙone garuruwa. Da aka aiko Kanar Kulob ya tsai da su, sai Vule ya sa aka harbe shi a Dankori ran 14 ga Yuli. Cikin kwana uku bayan haka, duka biyun sun mutu a hannun sojojinsu. Mai iko da ba ya jin shawara, ko bindigarsa ba ta yi masa rana.

A yau Maijirgi hedkwatar kwamin ce. A 2004 aka yi zaɓen majalisun kwamin na farko a duk faɗin Nijar. Talakawa suka zaɓi wakilai, wakilai suka fid da magajin gari. Aikinsu a lokacin shi ne su tsara yadda za a kashe kuɗin lanho da na kasuwa: rijiya, ɗakin lakwal, takardar haihuwa. A wancan lokacin sarakunan gargajiya suna zama cikin majalisar, suna ba da shawara, amma ba su jefa ƙuri'a.

To, me ya sa maigari shi kaɗai bai isa ba? Ku dubi Gulbin Kaba, wanda ya bi ta ƙasar Tasawa da ta Mayahi. Manomi yana son ya faɗaɗa gona. Makiyayi yana son burtali. Mace mai saƙar tabarma tana son kaba. Jikan da ba a haifa ba yana son ya tarar da goruba tsaye. Kowa da gaskiyarsa. Mutum ɗaya, komai adalcinsa, idanu biyu gare shi. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Wani zai ce: "Ai mun ga wakilan da ba mu sake ganinsu ba bayan zaɓe." Gaskiya ne, an yi su. Amma laifin nasu ne su kaɗai? Wakilin da ya san mutanensa ba su iya karanta lissafi ba, Shaiɗan yana saurin yi masa raɗa. Wanda ya san za a tambaye shi rasit, yakan yi hankali.

A watan Afrilu na 2024 hukumomin soja suka rushe majalisun, suka naɗa masu riƙon ƙwarya. Kujera ta tafi, amma hakkin tambaya bai tafi ba. Kuɗin da aka karɓa a kasuwa har yanzu guminmu ne.

Saboda haka na ce wa dattijon nan: "Baba, amfanin majalisa shi ne kada a yanke maganar gari a bayan idon mutanen gari. Ka riƙe allonka da kyau. Ran da aka liƙa lissafi a bango, kai za ka karanta mana."

Allah ya ba mu shugabanni masu saurare, mu kuma ya ba mu bakin tambaya. Amin.